Daga ƙwaƙwalwar ɓera zuwa masu farfaɗiya: Ina rabon mutanen Ƙonni?

A wajen manomin Birnin Ƙonni ko Illela, ɓera ɓarawon rumbu ne kawai. Amma a ɗakunan bincike na duniya, a kansa ake fara gwada na'urorin da ake fatan za su taimaki masu farfaɗiya da shanyewar jiki.

Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa na aika wa juna saƙo ta hanyar ɗan lantarki, kuma masana kan dasa 'yan wayoyi domin naɗar saƙon. Sai dai ƙwaƙwalwa laushi gare ta kamar awara, tana kuma motsawa da kowane bugun zuciya. Waya mai tauri takan goge ta har tabo ya taru, saƙon ya dushe.

Wannan ya sa aka koma ga wayoyi masu lanƙwasa. A 2015, masu bincike a Jami'ar Harvard ta Amurka sun tura wata raga mai laushi cikin ƙwaƙwalwar ɓera ta allura. A 2019, kamfanin Neuralink na Elon Musk ya bayyana gwajinsa a kan ɓeraye da zare 96 masu ɗauke da maɗaukan saƙo 3,072. A watan Janairun 2024 ya dasa wa mutum na farko, kodayake wasu zaren sun zame bayan 'yan makonni.

Ko a ƙasar Hausa, masana a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun yi nazarin tsarin ƙwaƙwalwar gafiya.

To amma tsakanin ɗakin bincike da gadon mara lafiya akwai tafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ke fama da farfaɗiya, kuma kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin tattalin arziki suke. Ta ce har kashi 70 cikin 100 za su iya rabuwa da faɗuwa idan aka gano cutar aka ba su maganin da ya dace.

Ke nan abin da yawancin masu cutar a jihar Tawa ke buƙata bai kai dashe ba. Asibitin Galmi da ke gundumar Malbaza na aiki tun 1950, amma ganin ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa kan kai mutum Yamai, tafiyar sama da kilomita 400, ko Sakkwato.

Ga masu aiko kuɗi gida daga waje: farfaɗiya ba a ɗaukarta ta miyau, kuma ba a yanke maganinta don an ga sauƙi. Kuɗin mota zuwa wajen likita da na ƙwayar kowane wata su ne taimakon da ke hannu yau.