Brooks, Garin Shanu Na Kanada Mai Gaisuwa Ɗari

Idan mutum ya tashi daga birnin Calgary na ƙasar Kanada ya miƙi babbar hanyar mota ya nufi kudu maso gabas, zai yi tafiyar kilomita wajen 185 cikin wani irin fili shimfiɗaɗɗe, ba dutse, ba kuwa itacen da matafiyi zai fake a gindinsa, sai ciyawa iyakar ganin ido. A tsakiyar wannan fili ne garin Brooks yake, cikin lardin Alberta. Garin ba wani babba ba ne, gama a ƙidayar 2021 mutanensa 14,924 ne kacal, watau ko unguwa guda ta Ibadan ta fi shi jama'a. Amma fa a nan ake yanka shanu wajen 4,000 a kowace ranar aiki, kuma masu riƙe da wuƙaƙen galibinsu baƙi ne daga Afirka da Asiya da Amurka ta Kudu. Shi ya sa muka ga ya dace mu kawo labarinsa ga masu karatunmu, waɗanda su ma sun san yadda zama yake a garin da mutum yake ciyarwa da nama, amma ana kiransa baƙo.

ƘASAR DA AKA CE BA TA NOMUWA

Kafin zuwan Turawa, wannan fili wurin farautar mutanen ƙabilar Blackfoot ne, waɗanda abincinsu da suturarsu da rufin ɗakinsu duk daga ɓaunar ƙasar suke samu. A cikin 1877 suka sa hannu a wata yarjejeniya da gwamnatin Kanada, aka keɓe musu 'yan yankuna, kuma ba a yi shekara uku ba ɓaunar ta ƙare ƙaf saboda yawan harbi. Fili ya zama wayam.

Tun kafin wannan, gwamnatin Ingila ta aiko wani Bature, Kyaftin John Palliser, ya zagaya ƙasar daga 1857 zuwa 1860 don ya ga ko za ta zaunu. Da ya koma sai ya ba da rahoto cewa wannan sashe ya cika bushewa, ba ya nomuwa. Bai yi ƙarya ba, domin ruwan da ake samu a nan a shekara, har da narkakkiyar ƙanƙara, bai kai rabin na Kano ba.

Abin da ya fara canza al'amari shi ne jirgin ƙasa. A cikin 1883 kamfanin reluwe na Canadian Pacific ya ratsa filin da dogo, makiyaya suka riƙa koro shanunsu zuwa bakin hanya ana loda su a tarago. Daga wannan zango gari ya tsiro. A 1904 aka raɗa masa sunan wani injiniyan kamfanin, Noel Edgell Brooks, a 1910 aka amince da shi a matsayin ƙauye, a 1911 ya zama gari.

RUWAN DA AKA ƊAUKO DAGA NESA

Gwamnati ta bai wa kamfanin reluwe filaye masu ɗimbin yawa a matsayin ladan shimfiɗa dogo, to amma wa zai sayi gonar da ba ruwa? Sai kamfanin ya yanke shawarar ya kawo ruwan da kansa. Aka datse kogin Bow a kusa da garin Bassano, aka haƙa hanyoyin ruwa, aka tara wani babban tafki kudu da Brooks wanda ake kira Newell, aka gama a 1914.

Matsalar da ta rage ita ce wani kwari mai faɗi da ya raba tafkin da gonakin gabas. Daga 1912 zuwa 1914 ma'aikata suka gina wani ƙaton indararo na kankare a kan ginshiƙai, tsawonsa kilomita 3 da 'yan kai, tashinsa daga ƙasa wajen mita 20, ruwa yana gudu a sama. Indararon ya yi aiki har 1979, sa'an nan aka maye gurbinsa da hanyar ruwa ta ƙasa. Yana nan tsaye har yanzu, ba ɗigon ruwa a cikinsa, masu yawon buɗe ido suna zuwa kallo.

Zuwan ruwa bai kawo arziki nan take ba. A shekarun 1930 fari ya haɗu da faɗuwar kasuwa, manoma suka kasa biyan bashin gona da kuɗin ruwa, kamfanin kuma ya gaji da asara. A 1935 manoman suka haɗa kai suka karɓi ragamar aikin ruwan gaba ɗaya, kamfanin ya miƙa musu komai har ya ɗora musu dala 300,000 don su fara. Hukumar da suka kafa a lokacin ita ce take raba ruwa har yau, tana shayar da eka fiye da 300,000 na alkama da dankali da ciyawar dabbobi. Wannan ciyawa da hatsi su ne suka jawo masu turka shanu, masu turka kuma suka jawo kwata.

KWATA DA MASU AIKINTA

A 1974 wani kamfanin yankin mai suna Lakeside ya buɗe mayanka a yammacin gari. Da farko 'yan gari ne suke aikin, kuma ba su da yawa. A 1994 wani babban kamfanin nama na Amurka, IBP, ya saye wurin ya faɗaɗa shi, har ya zama ana bukatar ma'aikata fiye da 2,000, a garin da duka-duka mutanensa wajen 10,000 ne.

Aikin irin wannan kwata ya sha bamban da wanda mahautanmu suka sani. Gawar sa tana rataye a sarƙa tana tafiya, kowane ma'aikaci yana tsaye wuri guda cikin sanyi, yanka ɗaya tak yake maimaitawa daga safe har tashi. Kafaɗa da wuyan hannu kan gaji, wuƙa kan zame. Samarin Alberta kuwa suna samun kuɗin da ya fi haka a rijiyoyin mai da gas, saboda haka ba sa daɗewa. Sai kamfanin ya aika can gabashin ƙasar, tsibirin Newfoundland, inda masunta suka rasa sana'a bayan gwamnati ta hana kamun kifin kod a 1992. Su ne 'yan ci-rani na farko. Da su ma ba su isa ba, sai aka juya ga 'yan gudun hijira da Kanada ta karɓa daga Sudan da Somaliya da Habasha da sauran ƙasashen da yaƙi ya ɗaiɗaita. Aikin ba ya neman takardar makaranta ko iya Turanci, ƙarfi kawai da haƙuri. Wanda ya samu sai ya aika wa ɗan'uwansa, kamar dai yadda Sabo take cika a garuruwan kudu.

Zuwansu bai zo da sauƙi ba. Gidajen haya suka yi ƙaranci, mutum biyar ko shida suna cunkushe a gida guda. Makarantu suka cika da yaran da ba su jin Turanci. Waɗansu 'yan gari, waɗanda ba su taɓa maƙwabtaka da baƙar fata ba, suka riƙa ɗora wa baƙin laifin duk wani abin da ya lalace. Shekaru da dama gari ɗaya ne a taswira, amma a zahiri biyu ne, ba a haɗuwa sai a kanti.

KWANA 24

Tun bayan wani yajin aiki da ya ci tura a 1984, babu ƙungiyar ƙwadago a kwatar. A 2004 waɗansu ma'aikata, galibinsu 'yan Sudan, suka ajiye wuƙaƙe don nuna fushinsu a kan yadda ake yi da su, aka kori da yawa daga cikinsu. Korar ba ta tsorata sauran ba, a cikin shekarar suka jefa ƙuri'a ƙungiya ta shigo. Kukansu a fili yake: saurin sarƙa ya yi yawa, ana matsa wa wanda ya ji rauni ya koma aiki, ko zagayawa bayan gida sai da kyar ake bari.

Kamfanin Tyson, wanda ya gaji wurin daga IBP, bai yarda da sharuɗɗan ba. Ran 12 ga Oktoba 2005 aka shiga yajin aiki. Gari ya rabu, waɗansu suna tsaye a bakin ƙofa, waɗansu ana shiga da su cikin motocin safa. An yi ta arangama, har shugaban reshen ƙungiyar ya ji rauni a haɗarin mota. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne waɗanda suka fi tsayawa da ƙarfi su ne baƙin nan da ake ɗauka ba su da baki. Bayan kwana 24 aka sasanta, ma'aikata suka sami yarjejeniyarsu ta farko. A wannan shekarar ce kuma, ran 1 ga Satumba, aka ɗaga darajar Brooks ta zama birni.

Wahala ba ta ƙare daga nan ba. A 2012 aka sami ƙwayar cuta a naman kwatar, aka janye shi daga kasuwa, janyewar naman sa mafi girma a tarihin Kanada, aka rufe wurin wajen wata guda, mutum fiye da 2,000 suka zauna gida. Daga nan kamfanin JBS na ƙasar Brazil ya karɓi wurin. A 2020 annobar korona ta kama mutum fiye da 1,000 a garin, ɗaruruwa daga cikinsu ma'aikatan kwata. A duk lokutan biyu mai kanti da mai gidan haya da makiyayi sun gane cewa in wuƙar baƙo ta tsaya, tukunyarsu ma ta tsaya.

ZAMAN YAU DA KULLUM

Wanda ya zo daga ƙasa mai zafi, abin da zai fara yaƙi da shi sanyi ne. A watan Janairu awon sanyi kan wuce digiri 30 ƙasa da sifiri, har sai an jona wa injin mota wayar lantarki da dare kafin ta tashi da safe. Rana kan faɗi tun kafin ƙarfe biyar. Wani lokaci kuma sai wata iska mai ɗumi da suke kira chinook ta gangaro daga duwatsun yamma, ta narkar da ƙanƙara cikin yini guda. A watan Yuni al'amari kan juye, yini ya zarce awa 16, ƙarfe tara na dare rana tana nan, mai azumi a irin wannan lokaci sai ya daure.

Agogon gari na kwata ne: motoci kan cika hanya da asuba, su sake cikawa da la'asar in masu aikin safe sun tashi na yamma sun shiga. A cikin gari akwai kantunan da ake sayar da kayan miyar Afirka da na Filifin, da wuraren aika kuɗi gida, da coci-coci iri-iri, da masallaci. Da sanyi jama'a kan taru kallon wasan hoki na kan ƙanƙara, inda ƙungiyar garin mai suna Bandits ta yi suna. Da zafi kuwa sai ƙwallon ƙafa, da wanka a tafkin Newell, da wasan makiyaya na hawan bijimi, wanda duk ɗan arewa da ya gani zai tuna da hawan ƙaho. Masu son tarihi kan je wani kwari kilomita 48 arewa maso gabas, inda ake tono ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da.

A ƙidayar 2021 kusan rabin mutanen Brooks ba fararen fata ba ne, kuma fiye da ɗaya cikin biyar baƙar fata ne. Saboda yawan harsunan da ake ji a titunansa ake masa kirari da Birnin Gaisuwa Ɗari. Yaran da aka zo da su a goye a shekarun 1990 yanzu sun zama manya, waɗansu sun buɗe shaguna, waɗansu sun wuce jami'a, kuma in an tambaye su garinsu, Brooks za su ce. Iyayensu ba kyauta aka ba su wannan matsayi ba. Sun same shi ne da gumi a gaban sarƙa, da kuma tsayuwa wuri guda a bakin ƙofa lokacin da tsayuwar take da tsada. Masu iya magana sun ce tsintsiya ɗaya ba ta shara, kuma manoman 1935 da mahautan 2005 duka sun gwada sun gani.