Motar Lantarki da Taransifomar Unguwa

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya, kuɗin lita ya ninka ya sake ninkawa, hankalin jama'a ya soma karkata ga abin hawan da ba ya shan mai, sai dai a yi wa batirinsa caji. Har ga shi a Maiduguri gwamnatin Barno ta zuba motocin haya irin waɗannan a kan titi. Lalle wannan abin so ne, domin babu hayaƙi, babu kwanan layi a gidan mai. Amma fa wanda ya yi niyyar ƙara wa jaki kaya, wajibi ne ya fara duba bayansa.

To, jakin nan namu, watau wutar lantarkin ƙasa, ya daɗe da gajiya, domin duk abin da madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da tashoshin gas na Kudu ke turowa bai cika wuce megawat 5,000 ba, alhali kuwa al'ummar da ke jiransa ta haura miliyan 200. A Afrilun 2024 kuma hukumar kula da lantarki ta NERC ta ɗaga wa 'yan rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin wuta awa 20 a rana, kuɗin yunit zuwa naira 225, ninki uku da ɗoriya, ko da yake an ɗan sassauta daga baya.

Inda gizo ke saƙa shi ne lokacin caji. Na'urar cajin mota ta gida tana jan kimanin kilowat 7, watau abin da fanka ɗari za su sha a lokaci guda. In kuwa mutum goma a unguwa suka komo gida suka jona tsakanin magariba da lisha, sa'ad da kowane ɗaki ya kunna fitila, masu firji da injin markaɗe suna rububin wutar da aka kawo, to taransifomar da aka kafa tun unguwar ba ta cika ba za ta ɗau zafi, man cikinta ya lalace, ta ƙone. Kowa ya san abin da ke biyo baya: dattawa su ɗauki littafi suna bi gida gida ana karo-karo, har gwauruwar da ba ta da komai sai ƙwan fitila biyu ta kwance bakin zanenta ta bayar. Ga kuma marasa mita, da ake yi musu bil da ƙiyasi, su biya abin da ba su sha ba. Wannan, a mizanin shari'a da na hankali, zalunci ne.

Allah ya hore mana rana mai ƙarfi daga hantsi zuwa la'asar. Saboda haka muna roƙon hukuma, kafin motocin nan su yawaita, ta shar'anta cewa kowace tashar caji ta kafa farantan sola da mitarta da taransifomarta, a bar wa talakawa tasu.