Dangin jan birin Baban Rafi da suka ƙetare teku zuwa Kudancin Amurka

Manoman da gonakinsu ke bakin dajin Baban Rafi, a gundumar Madarunfa ta jihar Maraɗi, sun san jan biri sanin ɓarna. Gero na fara nuna, sai a tura yara gadi, kuma ba a cika kama shi ba, don yakan yi gudun kilomita 55 a cikin awa, babu birin da ya kai shi sauri a duniya. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne yana da dangi na nesa a ƙetaren tekun Atlantika, ciki har da ɗan ƙaramin birin nan kafucin da ake yawan gani a finafinan Amurka.

Kafucin na rayuwa daga Honduras zuwa arewacin Ajantina. Turawa ne suka laƙaba masa sunan, saboda baƙin gashin da ke kansa ya yi kama da hular wasu limaman Katolika da ake kira Kafucin. Haƙoransa 36, yayin da jan biri da ɗan Adam ke da 32, kuma yana iya naɗe reshe da wutsiya, abin da birin Afirka ba ya yi.

To yaya aka yi suka haɗa jini? Afirka da Kudancin Amurka sun rabu kimanin shekara miliyan 100 da suka wuce, tun babu biri a doron ƙasa, don haka ba ta tudu aka bi ba. Bayanin da akasarin masana suka yarda da shi yana da wuyar haɗiya: wajen shekara miliyan 35 zuwa 40 baya, ambaliya ta tumɓuke wani yankin gaɓa da itatuwansa, da ƙananan birai a kai, igiyar ruwa ta kai su can. A lokacin faɗin tekun bai kai na yau ba. Wanda ya taɓa ganin Gulbin Maraɗi ya cika a watan Agusta yana ɗauke da kututture zai gane yadda tafiyar ta soma, ko da yake gulbi daban, teku daban.

Akwai hujja a ƙasa. A 2020 tawagar Erik Seiffert ta sanar da gano haƙora huɗu a dajin Amazon na ƙasar Peru, waɗanda suka yi kama ƙwarai da na wasu daɗaɗɗun birai da aka tono a Fayum ta Masar. Wannan zuriya ta ƙare, kuma ba ita ta haifi kafucin ba. Ke nan an ƙetare tekun fiye da sau ɗaya.

Daga baya kafucin ya rabu gida biyu, kimanin shekara miliyan 6 da suka wuce: sirara a yankin Amazon, da masu kauri da ƙarfin muƙamuƙi a dajin gaɓar Atlantika na Brazil. Masu kaurin ne suka fi ban mamaki. A Serra da Capivara suna ɗora 'ya'yan kashu a kan dutse su fasa da wani dutsen, kuma tonon da aka yi ya nuna sun shafe wajen shekara 3,000 suna amfani da duwatsu haka. Lallai biri ya yi kama da mutum.

Duk wannan yaɗuwa ta bi daji ne, kuma dajin na ƙarewa. Na gaɓar Brazil ya rage kaɗan daga yadda yake a da, har wasu nau'o'in kafucin sun shiga jerin dabbobin da ake fargabar ɓacewarsu. A Baban Rafi kuwa, itacen girkin da ake lodi zuwa birnin Maraɗi da sababbin gonaki ne ke cin dajin daga gefe. Jan biri na buƙatar fili mai faɗi da manyan itatuwan kwana, kuma duk lokacin da aka sare su, gonar da ke kusa ce ke zama wurin kiwonsa.