Ajiye Waya, Ni Zan Kira Ka

Kafin wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, mai son magana da Birnin Kebbi daga nesa sai ya bi layin girke na kamfanin NITEL, ya fara danna 068. Ta wannan layi kwamfuta ma take magana da 'yar'uwarta. Akan haɗa ta da wata 'yar na'ura mai suna modem, wadda ke mayar da bayanai su zama sauti su bi waya. Wanda ya taɓa jin kukanta, kamar an taka wutsiyar kyanwa, ba ya mantawa. Iyakar gudunta kilobit 56 a daƙiƙa, shi ma sai layi ya yi kyau.

A ce ma'aikaci yana Argungu, bayanan da yake nema kuma suna cikin babbar kwamfutar hedikwata a Birnin Kebbi, wadda ake ce wa uwar garke. Maimakon ya hau mota, sai kwamfutarsa ta buga lamba, modem ɗin can ya ɗauka, ya shiga. Sauƙi ke nan, amma an huda ganuwa. Kabawa kuwa sun san darajar ganuwa tun da sarkinsu Kanta ya kewaye birnin Surame, sun san ba a buɗe ƙofa a bar ta babu mai tsaro.

Lambar waya ba sirri ba ce. A Amurka, matasa sun riƙa sa kwamfuta ta kwana tana buga lambobi ɗaya bayan ɗaya, tana rubuta duk inda modem ya amsa. Fim ɗin WarGames na 1983 ya fito da dabarar fili.

Matakin farko na tsaro shi ne kowa da sunansa da kalmar sirrinsa, ba guda ɗaya da duk ofis ya haddace ba. Yadda ake miƙa kalmar ma abin dubawa ne. Tsarin PAP yana aika ta tsirara, mai satar sauraron layi ya tsince ta a ɓagas. CHAP ya fi wayo: uwar garke ta jefo lambobi na ka-cici-ka-cici, kwamfutar mai kira ta cuɗa su da kalmar sirri ta mayar da sakamakon kawai. Kalmar ba ta taka waya ba, gobe kuma tambayar daban ce.

Ni dai dabarar da ta fi burge ni ita ce mayar da kira. Ka buga, ka faɗi sunanka, sai uwar garke ta katse, ta kira lambar da aka rubuta maka tun farko. Ɓarawo ko ya saci kalmarka, wayar teburinka a Argungu ce za ta yi ƙara, shi yana can riƙe da tasa. Kuɗin kira ma ya koma kan hedikwata, abin da ba ƙaramin daɗi ya yi wa ma'aikaci ba. Saura a rufe wa wanda ya kuskure kalma sau uku, a ajiye rajistar masu shiga da fita, a goge sunan wanda ya bar aiki ran da ya tafi.

Irin wannan modem ya zama tarihi, amma banki na yin kusan haka duk lokacin da ya turo maka lambar sirri ta layin da ka yi rajista da shi. Raunin ma na nan. A da, sai a karkatar da layin girke zuwa wani gida, kiran ya faɗa hannun ɓarawo. Yau kuwa ɓarawon yakan je ya sa a sake masa katin layinka da sunan ya ɓata, kai kana gida kana mamakin yadda sabis ya ɗauke tun safe.