Na'urar Manaja Ba Ta San Matar Kulle Ba

'Yan'uwa mata, a da idan mutum yana neman rance ko kaya bashi, gaban manaja ko dillali yake zuwa. A tambayi mai unguwa halinsa, a duba gonarsa, sa'an nan a ce masa i ko a'a. Yanzu kuwa kamfanoni da yawa sun ɗora wannan aiki a kan kwamfuta mai abin nan da ake kira ƙirƙirarriyar basira. Watau ana ɗura mata labarin dubban mutanen da suka ci bashi a baya, da waɗanda suka biya da waɗanda suka cinye, ita kuma ta koyi kamannin kowane. Da haka masu ba da rance ta wayar hannu, irin su Branch da FairMoney, suke aiki. Na'ura ce ke duba shige da ficen kuɗin mutum, cikin 'yan mintoci ta yanke nawa za a ba shi. Shi manaja nasa tsara ƙa'ida da sa ido.

To, ina ruwan matar Ɗambatta ko Bichi ko Kunchi da wannan? Da ruwanta kuwa.

Duk gidan da kika shiga a karkarar nan da wuya ki rasa mai sana'a. Wannan tana matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli, waccan daddawa, wata fura, wata kiwon awaki. Akwai mai sayen gero da kaka ta ajiye sai damina ta sayar da mudu-mudu daga ɗaka. Tun 1969 wata Baturiyar Ingila, Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa, daga baya kuma a karkarar Kano, ta kira wannan ɓoyayyen ciniki. Har yau a ɓoye yake. Yara ke kai talla, kuɗi hannu da hannu ne, adashi kuwa a zuciyar uwar adashi yake. Idan ma mai saye ya turo kuɗi ta waya, sau da yawa asusun maigida suke faɗawa. Ga na'ura, maigida ne ɗan kasuwa. Matar da ta shekara 20 ba ta taɓa saɓa zubi ba, babu ita sam a lissafi.

Kada a ce na'ura ba ta son kai. Abin da aka ɗura mata shi take maimaitawa. A 2018 aka ba da labarin kamfanin Amazon na Amurka ya yi watsi da wata na'urar tace masu neman aiki, domin ta koya daga takardun shekara 10 waɗanda yawancinsu na maza ne, sai ta riƙa rage wa na mata maki.

Ba ina zuga kowa ta ci bashi mai ruwa ba ne, Allah ya kiyaye. Amma ko bankin da ba ya karɓar ruwa, kamar Jaiz wanda ya fara aiki a 2012, sai ya nemi shaidar ciniki. Don haka mai sana'a ta shawarci maigidanta ta buɗe asusu da sunanta, kuɗin cinikinta su riƙa bi ta nan. Ku kuma 'yan makaranta, ga inda bokonku zai yi rana tun yanzu: a sami littafi guda, kullum da magariba a rubuta wa Inna abin da ta saya, da abin da ta sayar, da zubin adashi.

Har ila yau, dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ba wanda na'ura kaɗai ta yanke masa hukunci damar ya ƙalubalance shi, ya nemi ɗan Adam ya sake dubawa. Ranar da kika nemi haka, littafin nan shi za ki ajiye gaban manaja.