Yadda Iyaye Za Su Taimaki Yaro Ya Koyi Buga Rubutu a Kwamfuta Ba Tare da Kallon Madannai Ba

Tun daga shekarar 2015 Hukumar JAMB, mai shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, bayan gwajin da ta fara a 2013. Duk ɗalibin da ke bin hanyar wannan jarrabawa wajen neman gurbi a Jami'ar Maiduguri ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ramat, wajibi ne ya zauna gaban na'ura ya amsa tambayoyi 180 cikin sa'a biyu.

A jarrabawar JAMB zaɓen amsa kawai ake yi, wato ɗalibi ya danna A, B, C ko D. To amma lamarin na neman wuce haka. A farkon 2024 Hukumar WAEC ta fara amfani da kwamfuta a jarrabawar ɗalibai masu zaman kansu, sannan a 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya bayyana ƙudirin Gwamnatin Tarayya na mayar da jarrabawar WAEC da NECO kan kwamfuta, har da ɓangaren dogon rubutu. Ranar da aka kai ga buga insha'i, yaron da ke laluben haruffa da yatsa ɗaya zai iya sanin amsa sarai, amma lokaci ya ƙare masa.

Maganin wannan shi ne bugun rubutu da yatsu goma, ido na kan fuskar kwamfuta, hannu na aiki da kansa. Fasahar ta girmi kwamfuta. Jerin haruffan QWERTY ya samo asali ne daga keken rubutun da Christopher Latham Sholes ya ƙera a Amurka, wanda kamfanin Remington ya kai kasuwa a 1874. A ranar 25 ga Yuli, 1888, wani akawun kotu mai suna Frank McGurrin ya lashe gasar saurin bugu a birnin Cincinnati, alhali ba ya duban madannai. Nasarar tasa ta taimaka wajen yaɗuwar wannan salo.

Matakin farko shi ne yaro ya san mazaunin yatsunsa a layin tsakiya na allon madannai, wanda aka fi sani da kibod. Yatsun hagu huɗu suna zama a kan A, S, D da F, na dama kuma a kan J, K, L da alamar waƙafi mai ruwa, yayin da manyan yatsu ke kula da dogon madannin da ke raba kalmomi. Idan aka shafa F da J za a ji ɗan tudu a kan kowanne. An yi shi ne domin yatsun manuni su gane wurinsu ko da a cikin duhu. Kowane yatsa yana da haruffan da ke ƙarƙashin kulawarsa a sama da ƙasa, kuma da zarar ya buga sai ya koma mazauninsa.

Hausa ta sauƙaƙa wannan darasi, domin akwai kalmomi masu yawa da ake bugawa ba tare da an bar layin tsakiya ba: dala, jaka, laka, gasa, daka, fada, lada, kaka. Yaro ya shafe mako guda ko fiye a kansu kafin a shigo masa da E, I, R da U na layin sama, sannan a gangaro layin ƙasa.

Abu mafi muhimmanci shi ne daidaito ya riga sauri. Yaron da aka ƙyale yana satar kallon madannai zai yi kamar ya fi ci gaba a makon farko, amma zai dawwama a kan yatsu biyu, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Don haka a rufe masa hannu da ɗankwali ko hankici mara nauyi, a liƙa hoton kibod a bango daidai idonsa, in ya manta harafi ya duba can. Minti 10 zuwa 15 a kullum sun fi sa'a biyu a ranar Asabar kaɗai amfani, domin maimaici ne ke sa hannu ya haddace. Idan aka zo gwajin sauri, ƙa'idar da ake bi ita ce kowane bugu biyar kalma ɗaya ne, sai a ƙirga nawa ya buga a minti guda, a cire kurakurai.

Rashin wutar lantarki ba zai hana koyo ba. Mazauna Maiduguri ba su manta da duhun da suka shiga ba tun daga Janairun 2021, lokacin da 'yan ta'adda suka lalata turakun layin da ke kawo wuta daga Damaturu, har aka kai ga buɗe tashar iskar gas mai ƙarfin megawat 50 a Maris ɗin 2023. Haddace mazaunin yatsu ba ya bukatar wuta. Tsohon kibod da ya daina aiki, irin wanda ake samu wurin masu gyaran kwamfuta, ya wadatar: uba ko uwa ko yaya ya riƙa faɗin kalma, yaro yana bugawa. In ba a samu ba, a zana shi a kan kwali daidai girmansa. Sau ɗaya a mako kuma a kai yaron shagon buga takardu ko ɗakin kwamfutar makaranta ya ga sakamakon aikinsa. Gidan da ke da na'ura zai iya sauke manhajar Tux Typing ko Klavaro, waɗanda kyauta ne kuma suna aiki ba tare da intanet ba. Allon wayar salula bai dace da wannan horo ba, domin manyan yatsu biyu kaɗai yake sa wa aiki.

A kula da zama. Baya ya miƙe, tafin ƙafa ya taɓa ƙasa ko a sa masa matashi, gwiwar hannu ta yi daidai da tebur. Bayan kowane minti 20, yaro ya ɗaga ido ya dubi wani abu mai nisan kamar mita shida na tsawon daƙiƙa 20.

Sai batun harsunan gida. Kibod na yau da kullum ba shi da ɓ, ɗ da ƙ na Hausa, haka ma harafin ǝ na Kanuri. Manhajar Windows tana da tsarin madannai na Hausa da ake zaɓa a saitin harshe. Idan yaro ya gama kama haruffa 26 na asali, a nuna masa inda masu lanƙwasa suke, domin ya bambanta ƙasa da kasa, ɗaki da daki, tun bai saba da yin kuskuren ba.