Ɗan Wasa Mai Cin Gashin Kansa

Masu rawa da wasan kwaikwayo a ƙasar Hausa kashi biyu ne. Akwai na hukuma, irin 'yan koroso na Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da ke Gidan Ɗan Hausa. Akwai kuma masu cin gashin kansu, su ne mafiya yawa. Ba albashi, ba fansho, sai an gayyace su sannan tukunya ta hau wuta. Tun kafin zuwan rediyo haka 'yan kama da 'yan gambara suke rayuwa, suna bin kasuwanni da gidajen biki.

Matashin da ya kama wannan sana'a a Ƙofa, ko wani gari na ƙasar Kankiya da Kusada, yanayin shekara ne ke tsara masa aiki. Da damina yana gona. Idan kaka ta yi, an kai gero da wake kasuwa, aure ya kankama, sai wayarsa ta fara ƙara. Azumi na kamawa a jingine kiɗa, sai kuma wasan Sallah. Kuɗinsa ta hanya biyu suke shigowa: jingar da ya yi da mai biki, da liƙin da 'yan kallo suka yi masa. A ciki zai sallami makaɗi, da mai janareta, da direban da ya kwaso kaya. Sau da yawa jingar ta baka ce, in mai biki ya ce abin da ya samu ke nan, babu takardar da za a nuna. Ga matsalar tsaro, wadda ta rage taron dare a sassan Jihar Katsina da dama.

Wanda ya yi fice, Kano yake nufa. Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a 1990, 'yan wasan daɓe suka samu sabuwar kasuwa, kuma ta wannan ƙofa marigayi Rabilu Musa Ibro ya shigo. Can ma fim ɗaya, biya ɗaya, ga dokokin Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano da aka kafa a 2001. Mai son ilimin sana'ar kuwa yana iya nufar Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, inda ake koyar da wasan kwaikwayo tun shekarun 1970.

Rawar zamani, wadda mai ita ke ƙirƙirar sabon taku don isar da saƙo a kan dandamali, ta fi ƙarfi a wasu wurare. Germaine Acogny ta kafa makarantarta a Toubab Dialaw ta ƙasar Senegal, Qudus Onikeku ya buɗe cibiyar QDance a Legas. Masu wannan fanni da tallafin cibiyoyi da gayyatar bukukuwan ƙasashen waje suke rayuwa, don haka dole su iya rubuta takardar neman tallafi kamar yadda suka iya taka rawa.

Abin da ya haɗa su da na Ƙofa shi ne jarinsu jikinsu ne. Gwiwa ta gurɗe, abinci ya tsaya. Abin takaici kuma, mutumin da ya tafa wa ɗan wasa a dandali shi ne zai hana shi auren 'yarsa. Ya kamata 'yan wasa su riƙa rubuta jinga, su karɓi kafin alƙalami, su kafa asusun ƙungiya don ranar jinya. Masu biki kuma su biya su cikakken haƙƙinsu tun guminsu bai bushe ba.